Shekarar da Na Cire Sauti

Kun taso kuna jin ana cewa inji ne ya ƙi aiki, shi ya sa ba mu da muryar Kawu Sambo. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya fara faɗin haka don ya rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru har maganar ta zauna a gidan nan kamar gaskiya. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni wuri ɗaya, kuma na ji jikoki sun fara maimaita ta, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami.

A waccan shekara ina aiki a sashen kwamfuta na wata kwaleji a Birnin Kebbi, muna zaune a Badariya, a tsohon gidan nan mai dogon yaro a tsakar gida. Ni kaɗai ce mace a sashen, kuma ina ji da kaina fiye da kima, wannan ba sai na ɓoye muku ba. Wata rana na ga an jefar da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu a sito, an ce ta mutu. Na roƙi shugaban sashe ya bar mini ita, na kawo ta gida a cikin jakar kasuwa. Ba ta mutu ba, tsufa ne kawai. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, duk tsarin zamani da aka ɗora mata sai ta durƙushe, ka danna abu ka je ka ɗebo ruwa ka dawo ba ta amsa ba.

Bari in bayyana muku abu ɗaya, don in ba ku gane shi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Hanya biyu ake saka manhaja a inji. Ta farko, ka karɓo ta a gine, yadda wani can ya ga dama, da duk abin da ya cusa mata, ko kana so ko ba ka so. Ta biyu, ka karɓo rubutun asalinta, wanda masu ita suka rubuta, ka sa injinka ya gina ta da kansa. A wannan hanya zaɓi yana hannunka. Akwai wani ɗan fayil da za ka buɗe ka jera abubuwan da kake so a gina da su, wanda ba ka so kuwa sai ka sa masa alamar ragi a gaba. Sai dai duk abin da ka ce kana so ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da waɗansu ƙananan manhajoji da ba ya tsayawa sai da su, su ma kuma suna da nasu. A wurin aiki 'yan rakiya muke ce musu. Idan ka cire abu ɗaya, 'yan rakiyarsa duka sun tafi tare da shi, inji ya yi sauƙi. Idan ka mayar da shi, sai ka nemo su ɗaya bayan ɗaya.

Da hanya ta biyu na tayar da tsohuwar nan. Na zauna a gindin dogon yaro ina bin jerin ina sa ragi. Na cire bidiyo, na cire wasanni, na cire harsunan da ba na ji, na cire duk wani ado na fuskar allo. Ina tuna lokacin da na zo kan sauti. Bayan la'asar ne, tantabarun maƙwabta suna kuka a kan katanga, Nasiru da Asabe kuna faɗa a kan wani ƙwallon roba. Na ce a raina, me zan saurara a nan, ni da rubutu kawai nake yi? Na sa ragi. Har a cikin uwar tsarin, wadda ke magana da sassan injin kai tsaye, na bi na kashe duk abin da ya shafi lasifika da makirufo. Rubutun asalinsu ma ban ɗauko ba. Mako guda injin ya yi yana gini, kuma da ya gama sai ga tsohuwa tana gudu kamar sabuwa. Na kai ta ofis na nuna wa maza. Kwana uku ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Argungu, wai Kawu Sambo yana nemana, ni da injina. Kawu Sambo yayan mahaifiyata ne, masunci tun tasowarsa. A gidansa na yi yawancin hutuna na ƙuruciya, kuma har yau idan na rufe ido da rana ina ganin kaina a gaban jirginsa, hannuna a cikin ruwa, ciyawar bakin gulbi tana wucewa a hankali kamar ita ce ke tafiya mu muna tsaye. Ba ya son surutu. Amma duk lokacin da muka iso wani gurbi mai zurfi, sai ya ɗaga sandar tuƙi ya ajiye a kan gwiwa, ya kira sunan wurin da wata murya da ba ita yake magana da ita a gida ba, mai ja, mai hawa da sauka, sannan ya ƙara waɗansu kalmomi kamar mai sallama a ƙofar manya. Kowane gurbi da nasa kiran. Ina yarinya na ɗauka ruwan yana amsawa, don sau da yawa a daidai lokacin kifi kan yi tsalle.

Ranar Asabar babanku ya tuƙa mu. Damina ta yi nisa, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, balbelu sun zuba a ciki kamar an shanya fararen tufafi. Mun tarar da Kawu a zaure yana gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi, babbar gorar da yake hawa in ya shiga ruwa tana gefe. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, amma idonsa na nan. Matarsa Inna Kulu tana cikin gida tana turara shinkafa, tururin yana leƙowa ta ƙofar zaure. Bayan an gaisa an sha fura, sai ya ce:

"Luba, an ce mini kina da injin da ba shi mantuwa."

Na ce, "Haka na, Kawu. Abin da anka sa mashi shina nan."

"To ki buɗe shi. Gurabun nan da na sani, daga nan har gaban Gulma, rabinsu yashi ya cike. Yaran yanzu sun san inda kihi yake, ba su san sunan wurin ba. In na tahi, sun tahi."

Na buɗe injin a kan tabarma, ya fara faɗa ina bugawa. Mai Hwarin Yashi. Gurbin Tsohuwa. Kan Giwa. Dogon Lumfashi, wanda ya ce sai mai ƙirji ke nutsa a cikinsa. Bakinsa ya buɗe a ranar yadda ban taɓa gani ba. Yana faɗin suna, ya faɗi kiransa, ya faɗi wanda ya koya masa, da irin kifin da ke kwana a wurin. Da muka yi kamar goma sai ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta: Dogon Lumfashi, mai ruwan sanyi ƙasa, ga baƙi sun zo, ba da hwaɗa munka zo ba. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Kalmomin su na. Amma ba shi na ba."

"Mi ya rage, Kawu?"

"Ji nan."

Ya gyara zama ya kira shi. Muryar nan ta ƙuruciyata ta cika zauren, ta ja sunan har na ji kamar tabarmar tana lilo a kan ruwa, sannan ta sauka a hankali. A cikin gida na ji Inna Kulu ta daina motsa tukunya.

"Wanga shi nika so injin ya riƙe," in ji shi. "Rubutu ko allo ya iya."

A nan ne na tuna alamar ragin nan. Na ce masa injin yana iya ɗaukar murya, amma sai na koma Birnin Kebbi na ƙara masa wani abu. Babanku, wanda tun ɗazu yake zaune a bakin ƙofa, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Maƙwabcinsu na da rediyo mai kaset, na gan ta da munka shigo. Bari in je kasuwa in sawo kaset biyar, yanzu in dawo."

Na ce, "Kaset zahi ka cinye shi. Shekara kaɗan zare ya saki, murya ta lalace. Wanga abu na har abada na, ba a yi mashi aikin wucin gadi."

"A ɗauka da kaset yau, in kin gyara naki a sake."

"Kwana biyu na kawai."

Abin da na faɗa game da kaset gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni ba. An kira ni ne saboda injina, kuma ban so a ce 'yar kwaleji ta zo da kwamfuta ta ƙare da aron rediyon maƙwabta. Kawu ya ce kwana biyu ba komai ba ne, gulbi na nan, shi ma yana nan. Da za mu tafi na shiga yi wa Inna Kulu sallama. Ta ƙulla mini shinkafa a leda, ba ta dube ni ba ta ce:

"Shekara hamsin ina gidan ga, ban taɓa jin bakinai ya buɗe kamar yau ba. Da kin bar shi ya ƙare."

Na yi dariya na ce jibi ina nan tafe.

Washegari na buɗe fayil ɗin nan na goge alamar ragin, na tambayi tsarin abin da yake bukata. Ya jero mini 'yan rakiya fiye da cikin allo. A lokacin babu intanet a gida, sai na je shagon intanet kusa da kasuwa da ɗan filashina, in zauna ina kallon layi yana rarrafe, a ɗauke wuta, mai shago ya tayar da janareta, a soma daga farko. Na dawo na sake gina uwar tsarin da sassan sauti a kunne, na gina ƙananan manhajojin da ke kai murya su kawo. A rana ta uku da hantsi na jona makirufo, na buga umarni guda, na ce assalamu alaikum, na sake bugawa. Muryata ta fito daga cikin tsohuwar nan, da ɗan shuu a bayanta, amma tawa ce sarai.

Wannan wurin ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. A rana ta uku injin yana ɗaukar murya. Da na shiga mota a ranar, da azahar ina Argungu.

Amma shuu ɗin nan ya dame ni. Kuma na san wata babbar manhaja da ke zana murya a kan allo kamar igiyar ruwa, ta tace ƙara, ta yanka, ta matse fayil ya zama ƙarami. Na ce ita ta dace da Kawu. Na kunna duk zaɓinta, ban bar ko ɗaya ba, ni da a da nake cire komai. Ita kuwa ta ce ba ta tsayawa sai da kayan zanen allo da na cire tun farko. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ce sai an sabunta wata manhaja ta can ƙasa, wadda rabin injin ke jingine da ita. In kuwa na sabunta ta, duk abin da aka gina a kan tsohuwar manhajar sai an sake gina shi. Na ga jerin, na san ba aikin kwana biyu ba ne, na danna na ce a ci gaba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na iya raba su da juna. Ina dawowa daga aiki in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, injin a kan kujera, rubutu yana ta gangarowa a baƙin allo, layi na bin layi, ba ya tsayawa. Idan ka daɗe kana kallonsa ido yakan saki. Sau da yawa barcin rana kan ɗauke ni a wurin, in ga kaina a jirgin Kawu, muna bin wani reshen gulbi da ban sani ba, yana buɗe baki yana kira, ni kuma ina ta neman inda zan jona waya a jikin jirgin. In farka in tarar an ɗauke wuta, batir ya ƙare, ginin awa shida ya tsaya a tsakiya. Wani lokaci kuma ba wuta ba ce, ɗan rakiya guda ne ya ɓace, sai gobe in koma shago in ɗauko shi. Wata la'asar babanku ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ya tsaya a kaina da littattafai a hannu.

"Luba, ni dai na ji muryarki ta hito daga abin ga tun ran Talata."

"Bai ƙare ba."

"Mi ya rage?"

"Ba ka ganewa."

"Awo, ban ganewa," ya ce. "Amma tsoho na gane, ba shi jira." Ya shige ɗaki, bai sake tayar da maganar ba.

A rana ta goma sha ɗaya aka kira wayar babanku da safe. Kawu ya je bakin gulbi duba jirginsa, ya faɗi a kan yashi, masu wanki suka ɗauko shi. Mun same shi a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya gane ni, ya kama hannuna da na hagunsa, ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito ba kalma ba ce. Na kwana biyu a Argungu. Da na dawo gida na tarar babanku ya bar injin a jone kamar yadda na bar shi, kuma ya gama. Komai ya ginu lafiya, babu kuskure ko ɗaya. Na rufe shi na tura ƙarƙashin gado, wata guda ban taɓa shi ba.

Bayan an sallamo Kawu, dangi suka taru gaishe shi, wani ɗan'uwansa ya tambaya ko an samu ɗaukar abin da ya kira ni dominsa. Kafin in buɗe baki babanku ya ce injin ne ya ƙi. Kawu yana jingine da bango yana ji. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ba da fushi ba, sannan ya mayar da idonsa ƙofa. Daga ranar maganar ta samo asali.

Da kaka ta yi, ana yankan shinkafa, na ɗauki injin na koma ni kaɗai a motar haya. Ban san abin da zan yi da shi ba, na dai kasa zama. An fito da Kawu tsakar gida yana shan hantsi, an ajiye masa gorarsa a gefe don yana son ya riƙa shafa ta. Na jona makirufo na ajiye a gabansa, na karanta masa sunan farko cikin goman da na rubuta, ko Allah zai sa wani abu ya fito. Ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Na kai hannu zan kashe, sai na ji daga bakin murhu, a hankali, an ja sunan Mai Hwarin Yashi, da hawansa da saukarsa. Inna Kulu ce, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba. Kawu ya ɗaga hannun hagu ya buga gorar sau ɗaya.

Na ce, "Inna, ina kika san shi?"

"Mata ba su zuwa su," ta ce. "Amma shina gyaran homa shina yi, shina wanka shina yi. Kunne ba shi da ƙyaure."

Haka muka samu hanya. Ta matso kusa da makirufo, tana kira, idan daidai ne ya buga gora sau ɗaya, idan ta kauce ya buga biyu, ta sake, ta ɗaga nan ta sauke can, har ya buga ɗaya. Wani kiran sai ta yi shi sau bakwai. Wani lokaci su yi gardama, ita da baki shi da gora, har ta ce ai haka ta ji shi yana yi tun tana amarya, shi kuma ya yi ta buga biyu har ta yi dariya ta bi nasa. Kowace Asabar ina zuwa, har ruwa ya janye aka fara dashen albasa. Gurabun kusa da gari mun same su kusan duka. Na nesa, na wajen Gulma, ta san sunayen waɗansu amma ba ta taɓa jin kiransu ba, don ba ya yin su a gida. Waɗannan sun tafi. Babbar manhajar nan da na ɓata kwana takwas a kanta, ban tace komai da ita ba. Da na ji kukan kaji da ƙarar turmin maƙwabta a bayan muryar Inna, na ga ba ni da ikon cire su.

Kawu ya rasu kafin ruwan farko, Inna Kulu ta bi shi bayan shekara huɗu. Fayilolin suna wurin Nasiru, kuma kwanan baya ya ce mini zai sa a wayarsa ya gyara su, ya yanke wuraren da babu magana don jikoki su iya saurara ba gajiya. Na yarda, ban da wuri ɗaya. A fayil na ƙarshe, kusa da ƙarewa, akwai shiru mai tsawo, ya kai minti huɗu. Kada a taɓa shi. A nan ne Inna ta faɗi sunan wani gurbi na can nesa, ta ce iyakar abin da ta sani ke nan. Kawu bai buga gora ba. Ya jingina kansa da bango, ya rufe ido, leɓɓansa suka fara motsi. Ina zaune kusa da shi, na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, na san yana kiran wurin ne daga farko har ƙarshe, yadda aka koya masa. Idan kun ƙara sauti sosai za ku ji numfashinsa yana ja yana saki. Ni da Inna ba wanda ya motsa. Da ya gama ya buɗe ido, sai za ku ji ta ajiye faifanta a ƙasa, ta ce:

"Na ji, Malam. Huta hakanan."